Panzer IV, jakin da ya ɗauki yaƙin Jamus

Idan hira ta faɗa kan Yaƙin Duniya na Biyu a fadar samari, sunaye biyu ake fara ji, Tiger da Panther. Su ne ke cikin gajerun bidiyoyin da ake tura wa juna a WhatsApp, da kiɗa mai tada tsikar jiki, ana cewa tankar Jamus guda tana gamawa da goma na abokan gaba kafin ta karya kumallo. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ƙarfen Jamus ba shi da na biyu, kuma da ba don an yi musu taron dangi ba da sun ci duniya. Ni kam ban yarda da wanga karatu ba. Wanda ke son ya gane yadda Jamus ta yi yaƙin nan, da yadda ta faɗi, ya ƙyale namun dawan nan masu suna, ya dubi jakin da ke ɗaure a turke, wato Panzer IV.

Ita ce tankar Jamus ɗaya tilo da ba a daina ƙerawa ba tun daga ranar farko ta yaƙin har ƙarshensa. An yi kimanin 8,500. Tiger ta farko 1,347 aka ƙera duka-duka, kuma sai a rabin ƙarshe na 1942 ta shiga fagen daga. Panther kusan 6,000 ce, ita kuma sai a watan Yulin 1943 aka fara ganin ta. A lura da shekarun nan. Duk nasarorin da suka sa duniya ta ji tsoron sojan Jamus, murƙushe Polan a 1939, kada Faransa cikin mako shida a 1940, kutsawa har kusa da Mosko a 1941, an yi su babu Tiger babu Panther. Su biyun sun iso ne rana ta riga ta karkata.

Asalin Panzer IV na ɓoye ne. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus mallakar tankoki, don haka da sojan ƙasar suka nemi a tsara musu ita a 1934 sai aka laƙaba mata harufa biyu, BW, aka nuna kamar wata motar rakiya ce. Kamfanin Krupp ne ya samu aikin, aka fara ƙira a 1937. Ta farkon abar tausayi ce in an kwatanta da abin da ya biyo baya. Nauyinta tan 18, sulkenta milimita 15, kaurin ɗan yatsa ke nan. Igwarta mai faɗin baki milimita 75 ce, amma bututun gajere ne ƙwarai, har sojoji suka riƙa kiran sa guntun sigari. Ba a yi ta don karawa da tankoki ba. Wannan aikin ƙanwarta ne, Panzer III, mai siririyar igwa ta milimita 37. Ita Panzer IV aikinta ta biyo daga baya tana jefa harsashi mai fashewa kan ramukan sojan ƙafa, da gidajen da aka laɓe a ciki, da ƙananan igwogin da ke jiran tankoki a gefen hanya.

Abu biyu masu tsara ta suka yi daidai, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke fitowa a hoto.

Na farko shi ne rabon aiki. Mutum biyar ke cikinta. Direba da mai rediyo suna zaune a gaba, mai rediyon kuma shi ke riƙe da bindiga mai jigida ta ƙirjin tankar. Sauran ukun suna cikin ɗakin nan mai juyawa da ke bisa, wanda zan riƙa kira hasumiya: ɗaya na saiti ya harba, ɗaya na ɗura harsashi, kwamanda kuwa ba ya taɓa igwa ko kaɗan, aikinsa ya duba filin ya ba da umarni. Kowace tanka kuma tana da rediyo, aƙalla na sauraro. Heinz Guderian, wanda ya fi kowa dagewa kan kafa rundunonin tankoki a Jamus, hafsan sadarwa ne a Yaƙin Duniya na Farko, don haka ya san tankar da ba ta jin umarni kurma ce mai bindiga.

A kwatanta da Faransa. Babbar tankarta, Char B1 bis, tana da sulken milimita 60, ninki biyu na Panzer IV ta lokacin, wadda aka kai gabanta milimita 30. A garin Stonne, ranar 16 ga Mayu 1940, tanka guda ta kyaftin Pierre Billotte ta shiga tsakiyar ayarin Jamusawa ta lalata 13, biyu daga ciki Panzer IV ne, ta dawo da tabon harsashi 140 ba wanda ya huda ta. In da kaurin ƙarfe ke cin yaƙi da Faransa ta ci. Amma hasumiyar tankokin Faransa mutum ɗaya take ɗauka. Shi ne kwamanda, shi ne mai saiti, shi ne mai ɗuri, in kuma shi ne shugaban ayari to sau da yawa da tuta zai yi wa sauran magana. Mu da ke tsaye gaban allo mun san wannan hali: malami ɗaya ba ya rubutu a allo, ya duba littattafan yara, ya kuma tsare ƙofa a lokaci guda, dole wani aikin ya zube. A Mayun 1940 Jamus ba ta da Panzer IV da ta kai 300 cikin tankoki kimanin 2,500 da ta fito da su, akasarin sauran ƙanana ne marasa ƙarfi. Abin da ya ci Faransa shi ne tankokin Jamus suna gani da wuri, suna jin juna, suna taruwa wuri guda, su kuma na Faransa an rarraba da yawansu gida-gida a bayan sojan ƙafa.

Na biyu shi ne sarari. Zoben da hasumiya ke zaune a kai, na Panzer IV ya fi na Panzer III faɗi. A 1937 wannan ba wani abin magana ba ne. A 1941 shi ya raba rayuwa da mutuwa.

Da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941 sai ta yi karo da T-34, wadda ba ta san da zamanta ba. Igwa ta milimita 76, sarƙa mai faɗi da ba ta nutsewa a taɓo, inji mai shan gazuwal, sannan sulken gaba mai kaurin milimita 45 amma a kishingiɗe. Ɗan koleji da ya riƙe darasin kusurwa zai gane dabarar: in ka kwantar da faifan ƙarfe da digiri 60 daga tsaye, harsashin da ya zo miƙe sai ya ratsa ninki biyu na kaurin, wato 45 ta zama 90, ban da cewa yakan goce ya yi sama. Guntun sigarin Panzer IV, wanda harsashinsa bai kai gudun mita 400 a daƙiƙa ba, ba shi da abin cewa a nan. Panzer III ma, ko da aka ƙara mata igwa zuwa milimita 50, sai ta matso kusa sosai.

Maganin shi ne dogon bututu. Jamusawa na auna tsawon igwa da faɗin bakinta. Tsohuwar L/24 ce, wato 75 sau 24, mita 1.8 ke nan. Sabuwar, KwK 40, da aka fara ɗorawa a watan Maris 1942, L/43 ce, mita 3.2, daga baya aka kai ta L/48, mita 3.6. Bakin bai canja ba, amma da yake albarushi ya ƙaru kuma yana daɗewa yana tura harsashin cikin bututu, gudunsa ya kusan ninkawa, ya kai wajen mita 750 a daƙiƙa, yana huda ƙarfe mai kaurin milimita 80 daga nisan kilomita guda. Irin wannan igwa tana da babban gindi, kuma tana ja da baya da ƙarfi in ta tashi. Hasumiyar Panzer III ba ta iya ɗaukar ta ba. Ta Panzer IV ta ɗauka. Sai aiki ya juye: wadda aka yi don rakiya ta zama mai farautar tankoki, wadda aka yi don farauta kuma aka ɗora mata guntun sigarin da yayarta ta yar, kafin a daina ƙera ta a 1943. A hamadar Libiya da Masar, sojan Ingila da suka fara shan wutar doguwar igwar nan a 1942 sun ba ta suna na dabam, Mark IV Special, ko da yake ƴan kaɗan ne suka isa hannun Rommel.

A ganina wannan shi ne ma'aunin kyakkyawan tsari. Ba wanda ya san abin da zai tarar bayan shekara biyar, don haka gwanin maƙeri shi ne wanda ya bar wa gobe wuri.

Daga nan sai aka shiga labta wa jaki kaya. Sulken gaba ya tashi daga 30 zuwa 50, sannan 80. A 1943 aka rataya mata faifan ƙarfe sirara, milimita 5, a gefe da gefe kamar zane, don bindigogin Rasha masu harsashin milimita 14.5 da sojan ƙafa ke huda haƙarƙarinta da su. Aka kewaye hasumiyar ma da irinsu, abin da ya sa daga nesa take kama da Tiger. A Normandi a 1944 sojojin Amurka da Ingila da yawa da suka rantse sun ga Tiger, Panzer IV suka gani. Wani ɓangare na kwarjinin Tiger ke nan, aron sa aka yi daga jaki mai zane. Aka kuma shafe jikinta da wani kwaɓi mai suna Zimmerit don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne, aka daina a Satumban 1944, kuma abokan gaban ma ba su cika amfani da irin wannan nakiya ba.

Nauyi ya kai tan 25, inji kuwa yana nan yadda yake tun kafin yaƙi, Maybach mai shan isansi, ƙarfin doki 300. Ƙafafunta ƙanana takwas ne a kowane gefe, biyu-biyu, a kan sifirin mai faifai-faifai irin wanda ke ƙarƙashin kamiyo. Duk makanisen da ya taɓa kwance irinsa ya san daɗinsa: ba shi da laushi, amma in ya karye a daji ana canja shi a daji. Sai dai da aka tara doguwar igwa da sulken 80 a gaba, tankar ta riƙa duƙawa, sifirin na gaba kullum a danne. Shi ya sa fuskar hasumiya ta tsaya a milimita 50 har ƙarshen yaƙi, ba halin ƙari. Samfurin ƙarshe, na 1944, shi ya fi ba ni labari. An cire ƙaramin injin da ke ba da lantarkin juya hasumiya, aka sa tankin mai a gurbinsa. Tafiyarta ta ƙaru daga kimanin kilomita 200 zuwa 320, amma yanzu mai saiti da hannu yake murɗa hasumiyar. Ƙasar da ke cin yaƙi ba ta rage wa sojanta irin wannan.

To ina Panther? Ita aka tsara don ta zama amsar T-34, kuma a takarda ba ta da sa'a: sulken 80 a kishingiɗe, igwa L/70 mai tsawon fiye da mita biyar, sarƙa mai faɗi. Amma an faro ta a matsayin tanka mai tan 30 da ɗoriya, ta ƙare a tan 45, kuma haƙoran ƙarshe da ke miƙa ƙarfin inji ga sarƙa ba a ƙarfafa su daidai da ƙarin ba. Hitler ya yi ta ɗage harin Kursk, ɗaya daga cikin dalilansa jiran ta, su kuwa Rashawa suna ta haƙa ramuka suna dasa nakiyoyi. Sauri ya haifi nawa. Cikin 200 da aka kai, biyu sun kama da wuta tun wajen sauke su daga jirgin ƙasa. Ranar 5 ga Yuli 1943 aka fara da 184, bayan kwana biyu kimanin 40 ke iya motsi, kuma lalacewar inji da nakiyoyi ne suka ci mafi yawa. A wannan fage Panzer IV fiye da 800 ne suka yi aiki, ba wanda ya yi musu bidiyo.

An gyara matsalolin Panther da dama daga baya, wannan gaskiya ne. Amma sojan Faransa, da suka riƙe wasu suka yi aiki da su bayan yaƙi, sun rubuta a 1947 cewa haƙoran ƙarshen nan kimanin kilomita 150 suke yi su gaji. Daga Maraɗi ba ka kai Damagaram ba ke nan. Ƙafafunta, kamar na Tiger, a cuɗe suke cikin juna, in ta ciki ta lalace sai an kwance na waje da yawa kafin a kai gare ta, kuma a hunturun Rasha taɓo kan daskare a tsakaninsu da dare. Ciro akwatin giyarta sai an buɗe rufin da ke kan direba an kawo ƙugiya. Sherman ta Amurka, wadda samarinmu ke yi wa dariya, gabanta da ƙusoshi aka ɗaure shi, a kwance a ja giyar waje a sa wata. Tiger kuwa, mai tan 57, in ta mace a hanya sai manyan motocin ja guda uku sun haɗu, kuma sojan da ke ja da baya ba shi da wannan sukuni. Da yawa masu su ne suka fasa su da hannunsu suka tafi a ƙasa.

Akwai hujjar da masu kare Panther ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kuɗin ƙera ta bai fi na Panzer IV da yawa ba, wajen mark 117,000 a kan 103,000 in ba a lissafa makamai ba, domin an tsara ta da tunanin ƙira mai yawa, ita kuwa Panzer IV tsarin zamanin zaman lafiya ce, mai gutsattsarin faifai da walda barkatai. Sukan ƙara da cewa a 1944 jakin ya riga ya tsufa: T-34 ta samu igwar milimita 85 da hasumiya mai mutum uku, Sherman ta samu doguwar 76, dukansu suna huda ta ba wahala. Na yarda da duka biyun. Jamus na buƙatar magajiya. Inda na rabu da su shi ne farashin tanka ba ya ƙarewa a ƙofar masana'anta. Akwai man da za ta sha, da gadar da za ta iya hawa, da jirgin ƙasan da zai ɗauke ta, da kayan gyara, da awannin da makanise zai kwana a ƙarƙashinta. Kowa a nan ya san mutumin da ya sayi mota mai kyan gani da araha, ta shekara a kan duwatsu ana jiran wani ƙarfe daga waje, tsohuwar Hilux ta maƙwabcinsa kuwa kullum tana hanyar kasuwar ƙauye. Da aka kawo shawarar a daina ƙera Panzer IV gaba ɗaya a koma kan sababbin, Guderian, wanda aka naɗa babban sufeton rundunonin tankoki a farkon 1943, ya ƙi, don ya san kafin Panther ta yawaita sojan da ke fage zai zauna hannu wofi.

Ko da hakan, lissafin bai taɓa fita ba. Panzer IV ƙasa da 500 aka ƙera a 1941, kusan 1,000 a 1942, wajen 3,000 a 1943, haka ma 1944. Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000. Tarayyar Sobiyet ta ƙera T-34 fiye da 50,000 kafin yaƙin ya ƙare. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma yawan nan bai faɗo daga sama ba. Waɗancan sun zaɓi samfuri ɗaya suka manne masa, suna ƙin duk gyaran da zai tsayar da layin ƙira. Jamus kuwa tana ƙera Panzer IV, da Panther, da Tiger iri biyu, da tarin motocin igwa a kan gangar jikin kowace, kowanne da kayan gyaransa. A kan gangar Panzer IV kaɗai an yi mai farautar tankoki marar hasumiya, da mai rusa gine-gine, da mai harbo jiragen sama. Wanda ya ce "taron dangi aka yi musu" ya manta cewa Jamus ce ta zaɓi ta buɗe wa kanta gaba da manyan ƙasashe uku masu masana'antu a lokaci guda, alhali sojanta ya shiga Rasha da dawakai fiye da 600,000 suna jan igwogi da abinci. Man fetur kuma shi ya rufe zancen. Daga Mayun 1944 aka shiga ruwan bama-bamai kan masana'antun da ke tatso mai daga gawayin ƙasa, a watan Agusta Romaniya ta juya baya, rijiyoyin Ploiesti suka tafi. A Disamban shekarar, a dajin Ardennes, rundunar Peiper ta bar tankokinta a ƙauyen La Gleize, tankunansu a bushe, mutanen suka sulale da ƙafa cikin dare.

Jakin ya ma fi ubangidansa tsawon rai. Siriya ta sayi ragowar Panzer IV daga Faransa da Cekoslobakiya da Sipaniya, ta binne wasu a tuddan Golan sai hasumiya ke waje, kuma sun yi harbi har a yaƙin 1967 da Isra'ila, shekara 30 bayan fitowar ta farko. Cikin tankokin da suka tarar da su a can har da Sherman.

Kada mai karatu ya ɗauka na kwance wa Tiger rawani ne don in naɗa wa Panzer IV. Abin da ya fi damu na da bidiyoyin nan shi ne suna nuna ƙarfe tsirara, kamar ba hannu ne ya ƙera shi ba, kuma ba a kan mutane aka tuƙa shi ba.

Masana'antu uku ne suka fi ƙera ta: Krupp-Gruson a Magdeburg, Vomag a Plauen, da Nibelungenwerk a garin Sankt Valentin na Ostiriya, wadda ita kaɗai ta fitar da wajen rabi. Dubban ma'aikatanta fursunonin yaƙi ne da mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye, kuma daga Agustan 1944 aka kafa reshen sansanin gwale-gwale na Mauthausen a gefenta don a samu ƙarin hannaye. Jikokin mutanen da aikin dole na zamanin mulkin mallaka ya ci, kafin a soke shi a 1946, bai kamata a sha wahalar fahimtar da su abin da wannan ke nufi ba.

Sannan akwai Chasselay, wanda na so a ce kowane ɗalibinmu da ke karanta yaƙin nan ya san sunansa kamar yadda ya san Stalingrad. Ƙauye ne a arewacin birnin Lyon. A tsakiyar Yunin 1940 Faransa ta riga ta faɗi, Pétain ya nemi a tsagaita wuta tun ranar 17, amma aka umarci runduna ta 25 ta tirailleurs sénégalais ta tsare hanyar shiga birnin. Sunan ne kawai na Senegal. Sojojin da ake kira haka ana ɗibar su ne daga ko'ina a yankunan Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, har da ƙasarmu, su ne mazan jiyan da wasunmu suka tarar da ragowarsu da lambobi a ƙirji. Sun yi faɗa ranar 19 da 20 ga wata har harsashi ya ƙare, suka miƙa wuya. Jamusawa suka tasa su a gaba, suka ware fararen daga baƙaƙen. A wani fili da ake kira Vide-Sac, tankoki biyu na jira. Aka kora baƙaƙen cikin filin, kimanin mutum 50, aka buɗe musu wuta da bindigogi masu jigida da igwa, sannan aka bi ta kan waɗanda suka faɗi da sarƙa. Kyaftin ɗinsu, Bafaranshe mai suna Gouzy, da ya yi magana sai aka harbe shi a ƙafa.

Shekaru da dama ana ɗora wannan kisa a kan rundunar SS, abin da ya yi daidai da labarin da tsofaffin hafsoshin Jamus suka so a yarda da shi bayan yaƙi, cewa sojan ƙasa na ainihi hannunsa tsaf yake, ƴan Nazi ne kawai suka yi ɓarna. A 2019 sai ga hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar sun fito. Masana suka duba alamomin da ke jikin tankokin. Na runduna ta 10 ta tankoki ne, sojan ƙasa na yau da kullum, kuma tankokin Panzer IV ne masu guntun bututu. Igwar nan da aka tsara a 1934 don jefa harsashi mai fashewa kan mutanen da ba su da sulke, ita ce a hoton. Ba kuma Chasselay kaɗai ba ne. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta baƙaƙen sojojin Faransa da Jamusawa suka kashe bayan kama su a Mayu da Yunin 1940 tsakanin 1,500 da 3,000. Cikinsu akwai kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, wanda aka harbe a Airaines ranar 7 ga Yuni don ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar sauran hafsoshi.

Jamusawa sun hana a yi wa mamatan Chasselay jana'iza, amma mutanen ƙauyen suka tattara su suka rufe. Wani jami'in kula da tsofaffin sojoji na yankin, Jean Marchiani, ya sayi fili ya gina musu maƙabarta mai jan bango da tsarin ginin ƙasa irin namu na Sahel, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwamba 1942, kwana uku kafin sojan Jamus su mamaye kudancin Faransa. Ana kiran ta Tata. Tirailleurs 188 ke kwance a ciki, kuma da dama daga cikin kaburburan ba su da suna.